Jinjina ga malaman sa-kai da ɗaliban karatun manya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini, mu yi jinjina ga wasu mutane da ba kasafai ake jin sunansu ba. Su ne malaman sa-kai da ke koya wa manya karatu da rubutu ba tare da albashi ba, da kuma ɗalibansu maza da mata, waɗanda suka nuna a aikace cewa gemu ba ya hana ilimi. An ce yaba kyauta tukwici, amma wanda bai san girman kyautar ba, tukwicinsa yakan zo a gajarce. Shi ya sa muke so mu buɗe wa masu karatu cikin wannan aiki, su ga abin da ake fama da shi a ajin, su ga kuma inda taimakonsu zai yi amfani.

Hukumar UNESCO, mai kula da ilimi a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ƙiyasta cewa manya sama da miliyan 700 a duniya ba su iya karatu da rubutu ba, kuma kusan kashi biyu cikin uku mata ne. Tun 1967 ake bikin ranar yaƙi da jahilci ta duniya a 8 ga Satumba, sannan a 1985 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 5 ga Disamba domin masu aikin sa-kai. A waɗannan ranaku biyu ana jawabai masu daɗi. Sauran ranakun shekara kuwa, malamin sa-kai ne ke zuwa da wuri ya goge allo, ya jera kujeru, ya zauna jiran waɗanda aiki ya riƙe.

Mu fara da ɗalibi, domin shi ne ya fi ɗaukar nauyi. Mutum ne mai shekara 40 ko 50, magidanci ko uwar 'ya'ya, wanda ake jin maganarsa a gida da wurin sana'a, ya zo ya zauna a gaban wanda wataƙila sa'an ɗansa ne, ya ce bai san ko harafi ɗaya ba. Da yawansu sun shafe shekaru suna rufa wa kansu asiri. In an miƙo takarda sai su ce sun manto tabarau, ko su ce a karanta musu idonsu na ciwo, ko su dangwala yatsa a inda wasu ke sa hannu, abin yana cin su a zuci. Ranar farko ma hannun ba ya bin umarni. Hannun da ya saba da aikin ƙarfi yakan damƙe fensir kamar zai karya shi, ya danna har bakin ya huda takarda, kafin minti 10 yatsu sun ƙage. Malamin da ya san aikinsa ba ya fara da littafi. Yakan sa a zana harafin a iska da dukan hannu, sannan da yatsa a kan tebur, sannan da alli a ƙaramin allo, sai daga baya a zo kan takarda. Fensir mai kauri da laushin baki, irin mai lamba 2B, shi ya fi dacewa, tare da littafi mai faɗin layi. Biro a jinkirta shi zuwa wasu makonni, saboda abin da ba ya goguwa yana sa mutum tsoron kuskure, mai tsoron kuskure kuwa ba ya sakin hannu. Kada kuma a tashi a ranar farkon nan sai kowa ya rubuta sunansa, ko da bin ɗigo-ɗigon da malam ya yi masa zai yi. Wannan takardar ita ce ke dawo da shi rana ta biyu.

Kafin a kai ga haka, ya kamata malam ya zauna da kowane ɗalibi shi kaɗai na minti 5 ko 10, ba a gaban jama'a ba. Ya nuna masa haruffa 10 a warwatse, da kalmomi 5, da gajeriyar jimla ɗaya, ya tambaye shi abin da yake so ya iya karantawa. Daga nan za a ga ajin ya kasu. Akwai wanda bai taɓa riƙe fensir ba. Akwai wanda ya bar firamare tun yana yaro, haruffan na nan a kansa, ƙura ce kawai ta rufe su. Akwai kuma wanda ya iya karatu da wani tsarin rubutu, kamar na Larabci, wanda ya riga ya san cewa alama a takarda sauti take wakilta, abin da ya rage masa shi ne sababbin siffofi da juya hannu daga hagu zuwa dama. In aka haɗa su ukun a darasi ɗaya, na biyu da na uku za su riƙa amsa komai, na farko ya yi shiru, malam ya ɗauka aji ya gane. Bayan wata guda na farkon ya daina zuwa, alhali dominsa aka buɗe ajin.

Inda sabon malami ya fi yin tuntuɓe shi ne jerin haruffa. Yakan koyar kamar yadda aka koya masa yana yaro, a rera abacada daga farko zuwa ƙarshe, a yi makonni ana rerawa ba a karanta kalma ko ɗaya ba. Babba ba shi da wannan haƙurin, kuma yana da gaskiya. Abin da ya fi shi ne a fara da haruffan da suka fi yawan fitowa a harshen. A Hausa, wasalin a ya fi kowane harafi yawa. Da a, k, n da m kaɗai ana samun kan, nan, kama, mana, kaka, mama, har da cikakkiyar jimla: kaka na nan. Ke nan a mako na farko ɗalibi ya karanta magana mai ma'ana da idonsa. Sabon harafi ɗaya ko biyu a kowane zama ya isa. A fara da ƙananan haruffa, tunda su suka cika kowane shafi, manyan kuma a shigo da su ta farkon sunaye da farkon jimla.

Sautin harafi ake koyarwa, ba sunansa ba. Wannan ƙaramar magana ce da ke lalata ajujuwa da yawa. In malam ya saba kiran haruffa da sunayensu na Turanci, sai ya ce bi da e su ba da ba, ɗalibi ya kasa kunne, ya rasa ta inda bi da e suka zama ba, ya yanke hukuncin cewa kansa ne ba ya ja. Laifin na hanyar ne. A ba shi sautin baƙin, a ba shi sautin wasalin, a ja na farko har ya faɗa cikin na biyu, sannan a bi da wasula biyar: ba, be, bi, bo, bu. A rubuta gaɓoɓin a ƙananan katuna na kwali, kowane ɗalibi ya sami nasa, ya riƙa jera su da hannunsa yana fitar da kalmomi. Jerawa da hannu ya fi kallon allo kama ƙwaƙwalwa, kuma malam yana zagawa yana ganin wanda ya gane da wanda ke bin bakin maƙwabcinsa.

Sai haruffa masu kama da juna. Kada a koyar da b da d a mako ɗaya. A bar b ya zauna daram, mako biyu ko uku, sannan d ya shigo. Dalilin ruɗewar shi ne, duk rayuwarsa mutum ya saba cewa kofi kofi ne ko hannunsa na kallon hagu ko dama, sai ga shi a karatu juyawar ta canza abin gaba ɗaya. Haka n da u, haka n da h in sandar ta gajarta. Masu lanƙwasa kuwa, wato ɓ, ɗ da ƙ, kunnen ɗalibi ya riga ya san su tun yana goye, ido ne kawai ake gabatar wa. A kawo su bibbiyu: kafa da ƙafa, baki da baƙi, bata da ɓata, da da ɗa. Malamin da ke rubuta su a allo ba lanƙwasa, yana cewa ai za a gane, yana ɗora wa mai koyo nauyin da gwani kaɗai ke iya ɗauka. Bayan waɗannan akwai wani tudu da ba a cika lura da shi ba, wato gaɓar da ke ƙarewa da baƙi da kuma baƙi mai ninki. Wanda ya saba da ba, ka, na zai ga hannu ya karanta hanunu, ya ga karfe ko ƙarfe ya ce ƙarafe, don ya ɗauka kowane baƙi dole wasali ya biyo shi. Maganinsa tafi: a faɗi kalmar ana tafa kowace gaɓa, han-nu tafi biyu, ƙar-fe tafi biyu, sannan a rubuta. Su sh, ts, ky, gw da kw a koyar da kowannensu a matsayin sauti guda, a kan kati guda.

Wace kalma za a koyar ita ma magana ce. A 1963, a garin Angicos na ƙasar Brazil, masanin ilimi Paulo Freire da ɗaliban jami'a da suka taya shi sun koyar da manya kusan 300 cikin awa 40 na darasi. Kafin su buɗe aji sai da suka zaga suka saurari yadda mutanen ke magana, suka tsamo kalmomin da suka shafi rayuwarsu, suka tattauna kowace kalma da su, sannan suka farfasa ta gaɓa-gaɓa aka gina sababbi. Ba kowane malami zai yi abin da suka yi cikin awa 40 ba, kuma kada a ɗora wa kowa wannan ma'auni. Amma darasin yana nan: babba ya fi riƙe kalmar da ta shafe shi. Hanya mai sauƙi da kowane malamin sa-kai zai iya bi ita ce ya ce wa ɗalibi ya faɗi jimla biyu ko uku game da aikinsa ko iyalinsa. Malam ya rubuta daidai yadda ya faɗa, kada ya gyara masa magana. Su karanta tare sau uku yana bin kalmomin da yatsa. Sannan a kwafe a wata takarda, a yanka kalma-kalma, a cakuɗa, ɗalibi ya mayar da kowace wurinta. Bayan watanni uku yana da ɗan littafin da shi ne marubucinsa, babu kalma ɗaya a ciki da ta fi ƙarfinsa.

Akwai tarkon da ke yaudarar malam da ɗalibi baki ɗaya, shi ne hadda. Wanda ya rayu ba rubutu, ƙwaƙwalwarsa ta saba riƙe komai, lambobin waya da bashi da saƙonni. Sau biyu zai ji shafi ya haddace shi. Sai ya tashi ya zuba ba gargada, yatsa na kan layi na biyu, baki na layi na huɗu, aji ya tafa. Gane wannan ba wuya: a nuna masa kalma daga ƙarshen layi zuwa farko, ko a rubuta sabuwar jimla da haruffan da ya riga ya koya. In ya tsaya cak, to a koma baya cikin mutunci, ba tare da an kunyata shi ba. Karatun amshi, inda malam ke faɗa aji na maimaitawa, yana da amfaninsa na minti biyu ko uku domin a saki murya. In ya zama shi ne darasin, hadda ake koyarwa.

Ko wanda ya fara haɗa baƙi da gaske, saura aiki. Sai ka ji ya karanta jimla daidai, kalma bayan kalma, a tambaye shi me ta ce, ya yi shiru. Ba rashin basira ba ne. Abin da ƙwaƙwalwa ke riƙewa a lokaci guda kaɗan ne, kuma na 'yan daƙiƙoƙi ne, saboda haka in mutum ya daɗe yana kokawa da kalma ta shida, ta farko ta riga ta zube. Helen Abadzi, wadda ta daɗe tana nazarin karatun manya a Bankin Duniya, ta nuna cewa sai mai karatu ya kai kalma 45 zuwa 60 a minti ɗaya kafin fahimta ta zauna. Wannan ma'auni ne da kowane malami zai iya amfani da shi da agogon wayarsa. Sau ɗaya a wata, a ba ɗalibi gajeren rubutun da bai taɓa gani ba, ya karanta na minti ɗaya, a ƙirga kalmomin da ya faɗa daidai, a rubuta a bayan littafinsa. Wanda ya ga ya tashi daga 12 zuwa 20 ya ga shaidar da ba wanda zai musa masa. Sauri kuwa ba ya samuwa sai da maimaici: rubutu ɗaya a karanta shi sau uku ko huɗu, su biyu-biyu, wannan na karantawa wancan na bi. In ɗalibi yana kuskuren fiye da kalma 1 cikin 10, rubutun ya fi ƙarfinsa, a sauko da shi. In ya cije a kalma, malam ya ƙirga biyar a zuci kafin ya sa baki, kuma in zai sa bakin, gaɓar farko zai ba shi, ya bar masa sauran. Wannan shirun na daƙiƙa biyar yana daga cikin abubuwan da suka fi yi wa sabon malami wuya, don tausayi ke sa shi saurin faɗa.

Muna so mu daɗe kaɗan a kan ido, saboda an yi asarar ɗalibai masu yawa ta wannan hanya ba tare da kowa ya sani ba. Daga wajen shekara 40, ƙwayar idon ɗan Adam takan fara taurin da ke hana ganin abu na kusa sosai. Wanda bai taɓa karatu ba bai san idonsa ya canza ba, tunda yana hango na nesa lafiya lau. Alamun a bayyane suke ga malamin da ke lura: ɗalibi na nesanta littafi har tsawon hannu, yana ƙanƙance ido, yana karanta allo daidai amma ya kasa karanta abu ɗaya a littafi, yana kukan ciwon kai bayan minti 20. Sau da yawa tabaran karatu mai ƙarfin +1.00 zuwa +3.00 shi ne kawai tsakaninsa da karatu. Amma malam ba likita ba ne. A nemi ma'aikacin ido ya zo ya duba ajin gaba ɗaya a makonnin farko, domin wani yanar ido ce, wani hawan jinin ido, wani ciwon suga ne ya taɓa ganinsa, waɗannan kuwa tabarau ba ya maganinsu. Rubutun da za a raba ya kasance mai girman lamba 16 zuwa 18 a kwamfuta, da tazara tsakanin layuka. Harafin allo kada ya gaza tsawon yatsa. Haske ya sauka a kan takarda daga gefe ko daga baya, kada ya haske fuskar mai karatu. Mai nauyin ji kuma a zaunar da shi gaba inda zai ga bakin malam, ba sai an yi shela ba. Ƙasar Kyuba ta gane wannan a gangaminta na yaƙi da jahilci na 1961, lokacin da 'yan makaranta kusan 100,000 suka bazu karkara tare da sauran malamai, aka koyar da mutane sama da 700,000 cikin shekara guda. Cikin kayan kowane matashi akwai fitila, domin da dare manoma ke samun sukuni, kuma an duba idon masu koyo an raba musu tabarau.

Lissafi kuwa, a shiga da ladabi, don da yawan ɗaliban nan sun fi malaminsu saurin lissafin ka. Abin da suke nema shi ne yadda ake ajiye shi a takarda. Matsalar kusan kullum tana wajen sifili da gurbin lamba. A ce a rubuta ɗari da biyar, sai a ga 1005, domin ya rubuta 100 yadda ya ji, ya ɗora 5. Tsinke da ƙyauro sun isa: a ɗaure tsinke goma-goma, a ja layuka uku a allo, na ɗai-ɗai da na gomomi da na ɗaruruwa, a nuna cewa sifili yana tsare gurbin da ba kowa ne. Daga nan a wuce kan abin da ya kawo su, wato lambar waya, agogo, kwanan wata, rasit, da takardar magani mai cewa sau nawa a rana.

Zama uku a mako, kowanne awa ɗaya da rabi, ya fi zama ɗaya na awa huɗu nesa ba kusa ba, saboda abin da aka koya aka bar shi kwana shida, da yawansa ya tafi. Minti 10 na farko bitar darasin baya, wajen 20 sabon harafi da gaɓoɓinsa, 20 karatu biyu-biyu, 20 rubutu da 'yar shifta ta kalma biyar, sauran lissafi. Ɗalibai su zaɓi lokacin da kansu, kuma a sake duba shi idan yanayin aikinsu ya canza. Malami ɗaya kada ya wuce mutum 15, in dai ana so ya ji karatun kowa a kowane zama. Mata masu goyo suna buƙatar wanda zai riƙe yara a gefe, ko da karɓa-karɓa za su yi a tsakaninsu, in ba haka ba rabin hankalin uwa na wajen ƙofa.

Janyewar ɗalibai ba ta zuwa da sanarwa. Mutum ya yi fashin zama biyu saboda rashin lafiya ko aiki, ya san an wuce shi, kunyar dawowa ta kama shi, shi ke nan. Rajista ce maganin farko. Duk wanda aka rasa sau biyu a jere, a kira shi ko wani abokin zamansa ya leƙa shi, a gaya masa malam zai zo minti 15 kafin lokaci su cike gurbin tare. Dariya kuma a kashe ta tun ranar farko, a yi yarjejeniya cewa kuskuren da aka yi a aji a aji yake kwana. Abin da ya fi komai saurin watsa aji dai shi ne fashin malam. Ɗalibi ya rufe sana'arsa, ya zo ya tarar ba kowa, sau biyu kawai za a yi masa haka.

A nan ne ya kamata a dubi malamin da idon adalci. Awa ɗaya da rabi a aji tana cin wata awar a gida wajen yanka katuna, rubuta jimloli da duba littattafai. Sau da yawa alli da kwali da kuɗin mota daga aljihunsa suke fita. Yana haƙuri da tambaya ɗaya sau goma, yana sauraron matsalolin da ba na karatu ba, yana riƙe sirrin mutanen da suka girme shi. Mafi yawansu kuma an tura su ajin ne da zaton cewa duk wanda ya iya karatu ya iya koyar da shi. Wannan zato shi ke gajiyar da su, domin mutum ya yi iya ƙoƙarinsa da hanyar da ba ta ɓullewa, ya ga aji na raguwa, ya ɗora wa kansa laifi. Horon kwana uku zuwa biyar kafin a fara, inda kowa zai tashi ya gwada darasi a gaban 'yan uwansa, da haɗuwa sau ɗaya a wata a baje matsaloli, sun fi kowace lambar yabo amfani gare shi. A haɗa malamai biyu a aji ɗaya, in uzuri ya taso wa ɗaya, ɗayan ya riƙe. A faɗa masa tun farko wata nawa ake so ya bayar, shida ko tara, domin ya san aikin yana da iyaka, ya sabunta in ya ga zai iya. Masu shirya ajujuwa kuma, don Allah kada a yi alkawarin alawus ɗin da ba a tabbatar da shi ba. Wanda ya zo don Allah zai yi shekara bai gaji ba, amma in aka yi masa alkawari aka saɓa, an mayar da shi ma'aikacin da ke bin bashi, zuciyarsa kuwa ta tashi daga aikin.

Daga cikin ɗaliban ma ana samun malamai. Frank Laubach, wanda ya yi aikin koyar da karatu a tsakanin al'ummar Maranao a tsibirin Mindanao na ƙasar Filifin a farkon shekarun 1930, kuɗin biyan malamansa ya yanke saboda karyewar tattalin arzikin duniya na lokacin. Mafitar da aka samu ita ce duk wanda ya koya ya koya wa wani, kuma wannan tsari ya bazu ƙasashe da dama. Amfaninsa biyu ne. Wanda ya koya jiya ya fi kowa tuna inda abin ke da wuya, sannan koyarwar tana ƙara zaunar masa da nasa karatun. Sai dai a ba shi ɗalibi ɗaya da darussan da ya riga ya ƙware a kansu, malam na leƙawa, kada a sakar masa aji.

Idan an zo bikin yaye ɗalibai, muna ba da shawara a rage jawaban manyan baƙi, a bar wanda ya so ya tashi ya karanta wasiƙar da ya rubuta da hannunsa. A karrama wanda bai yi fashi ba da wanda ya tashi daga nesa, ba na ɗaya da na biyu kaɗai ba. Kada a ɗauki hoton kowa a yaɗa sai da izininsa, tunda wani har yanzu bai gaya wa abokan aikinsa inda yake zuwa da yamma ba. Malam kuma a ba shi takardar shaida mai ɗauke da watannin da ya yi da abin da ya koyar, wadda zai iya nunawa wajen neman aiki ko ƙarin karatu. A kira sunan kowannensu a bainar jama'a, a yi musu godiya, sun cancanta.

Abin da ya fi damun mu yana zuwa ne bayan bikin. Karatun da bai kai ga sauri ba, in aka bar shi ba abin karantawa, komawa yake yi. A 1980 ƙasar Nikaraguwa ta sauko da yawan marasa karatu daga kusan kashi 50 cikin 100 zuwa kusan 13 a gangamin wata biyar, amma yaƙi da rashin kuɗi suka hana a ɗora, adadin ya sake hawa. Wanda ya gama littafin farko yana tsakiyar hanya ne: littafin yara ya yi masa ƙanƙanta a ma'ana, jarida ta yi masa nauyi a rubutu. Akwati ɗaya mai ƙananan littattafai 30 ko 40 da ake ara ana dawowa, da haɗuwar karatu sau ɗaya a mako na wata shida bayan yayewa, suna tsare wahalar da malam da ɗalibi suka sha.

A nan ne muke da roƙo gare ka, Edita. Ka keɓe rabin shafi a kowane mako domin sababbin masu karatu. A buga shi da manyan haruffa masu lanƙwasarsu cikakkiya, jimla kada ta wuce kalma 8 zuwa 10, labari kada ya wuce kalma 150. Ya zama labarin makon ne na gaske, da bayanin lafiya ko na sana'a, irin abin da babba ke son sani. A ƙasan shafin a bar gurbin wasiƙu biyu ko uku daga ɗaliban kansu, a buga su da sunan da suka yarda a sa. A shafinku na intanet kuma a ajiye shi yadda malami zai iya saukewa ya buga kwafi 15 ya kai aji.

Mun gode da wannan fili. Allah ya saka wa malaman nan da alheri, ya ƙara wa ɗalibansu basira da juriya.

Naku,
Wasu masu horar da malaman karatun manya